Lain-lok a motar tsere: yadda za ka zaɓa, ka ɗaura, ka yi aiki da shi

"Assalamu alaikum, Baba. Ni matashi ne a Garwa, ina da Mercedes 190E mai giyar hannu wadda na saya okaziyo, ina gyara ta sannu a hankali. Ni da abokaina muna shirin gwada tseren miƙe a wani fili da za a rufe mana da izinin masu shi. A bidiyon Amurka ina ganin mota ta tsaya cak, tayoyin baya suna juyawa suna hayaƙi, na gaba ko motsi ba sa yi, aka ce mini aikin wata na'ura ce da ake kira lain-lok. Ina da ɗan'uwa a Duwala da zai iya yi mini odarta. Wace iri zan ce ya saya? Za ta ƙara wa motata gudu? Kuma makanikin unguwarmu zai iya ɗaura ta?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayoyi uku ka yi, kuma zan fara da ta tsakiya domin ita ce mafi sauƙi: lain-lok ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne riƙe birkin gaba shi kaɗai na ɗan lokaci, ya bar tayoyin baya a sake. Sauran tambayoyin biyu kuwa, wato wanda za ka saya da wanda zai ɗaura, amsarsu tana cikin motarka, a jikin bututun birkinta, ba a kan kwalin kamfani ba. Na daɗe ina aikin birki a wannan yanki, kuma abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, wannan na'ura ba kamar rediyo ko fitilar ado take ba, wadda in ta lalace za ka ci gaba da tafiyarka. Bututun da ke tsayar da motarka za a yanke a saka ta a tsakiya, kuma birkin gaba shi ne ke ɗaukar kaso mafi girma na aikin tsayawa. Saboda haka zan yi maka bayani dalla-dalla, ko da zai yi tsawo.

Abin da na'urar take yi

Tseren miƙe tsere ne na motoci biyu a layi madaidaici, daga tsaye, a tazarar mita 402, ko rabinta, mita 201. A Amurka ya samu tsari, inda Wally Parks ya kafa hukumar NHRA a 1951 da niyyar janye matasa daga tsere a kan titin jama'a zuwa filin da aka tanada. A tsere irin wannan, wanda ba ya kai rabin minti, mafi yawan nasara ko faɗuwa a mita 18 na farko take, domin in taya ta zame a wurin tashi, babu sauran tazarar da za a rama. Shi ya sa direbobin can suke ɗumama tayoyin baya kafin su je layin tashi: a ratsa ta ɗan wurin da aka zuba ruwa, a juya tayoyin a tsaye har robar ta yi zafi ta yi danƙo, tsakuwa da ƙurar da suka manne mata su faɗi.

Matsalar ita ce, fedar birki in ka taka ta, ƙafa huɗu take kamawa. In ka taka birki da totur tare, inji yana faɗa da birkin baya, faifan birkin ya yi zafi, takalmin birkin ya cinye. Mai giyar hannu irinka kuma yana da wata matsalar ta daban, feda uku ce a gabansa, ƙafa biyu gare shi. Lain-lok saboda wannan aka ƙirƙiro shi.

Bawul ne ƙarami mai aiki da lantarkin mota na bolt 12, ana saka shi a bututun da ya fito daga masta, wato famfon da fedar birki ke dannawa ya tura mai, ya nufi tayoyin gaba. Muddin ba a ba shi wuta ba, a buɗe yake, man birki yana wucewa ya dawo kamar babu komai a wurin. In ka taka birki da ƙarfi, sannan ka danna maɓalli ka riƙe, maganaɗisun da ke cikinsa zai ja ɗan ƙarfe ya toshe hanya, man da ya riga ya tafi tayoyin gaba ya rasa hanyar dawowa. Kamar mai noman rani ne a bakin Binuwai da ya cika fangali da ruwa sannan ya toshe bakinsa da laka, ko an kashe injin ban ruwa, ruwan fangalin yana nan. Ka ɗaga ƙafarka daga birki, na baya ya saku, na gaba yana damƙe, har sai ka saki maɓallin. Kamfanin Hurst na Amurka shi ya yi suna da wannan na'ura, yana sayar da ita da sunan Roll/Control, akwai kuma irinta daga kamfanin B&M da wasu. Abin ya karɓu har kamfanin Ford ya saka shi tun daga masana'anta a Mustang GT ta 2015, inda kwamfutar motar ke riƙe birkin gaba na daƙiƙa 15 sannan ta saki da kanta.

Kada a sayar maka da wani abu a madadinsa. Birkin hannu mai aiki da mai, wanda masu zamiya da mota suke sakawa, tayoyin baya yake kamawa, aikinsa daban. Akwai kuma na'urar da ke kulle giyabos na mota mai giya da kanta a layin tashi, ita ma ba ta shafe ka ba.

Ko kana bukatarsa

A nan sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Hayaƙin da kake gani a bidiyo na tayoyin tsere ne na musamman, masu laushin roba, waɗanda ba sa kama ƙasa sosai sai sun yi zafi. Tayar titi ta yau da kullum ba haka aka yi robarta ba. In ka gasa ta da yawa, samanta yakan yi santsi kamar an shafa mata mai, sai ta fi zamewa fiye da lokacin da take da sanyi. Ga tayar titi, juyi na daƙiƙa biyu ko uku domin kakkaɓe ƙura ya isa, kuma masu irin wannan taya a filayen can sukan kewaye wurin ruwan gaba ɗaya, domin zanen tayar yana ɗaukar ruwa ya kai shi layin tashi ya ɗiga a daidai inda ake bukatar bushewa.

Ka ƙara da yanayinmu. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa, har ba ka iya ɗora tafin hannu a kanta da rana tsaka. Taya a nan ba ta zuwa layi da sanyi. Abin da ke hana ta kama ƙasa shi ne ƙura da rairayi, musamman lokacin hunturu, kuma tsintsiya a hannun yara biyu da za su share mita 20 na farko za ta fi yi maka amfani fiye da dogon hayaƙi.

Sannan 190E mai inji lita 2.0 ƙarfinta kusan doki 120 ne, kuma galibinsu aksil ɗin bayansu irin wanda ke tura ƙarfi ga tayar da ta fi sauƙin juyawa ne. Ma'ana, da wuya ka ga tayoyi biyu suna hayaƙi tare, ɗaya ce za ta yi ta juyawa ɗayar tana tsaye, kuma doguwar juyawar taya ɗaya tana cin ƙananan giyoyin cikin aksil. In da kuɗinka ba su da yawa, ni da tayoyin baya masu kyau zan fara, sai sabon kuloci, sannan lain-lok.

Duk da haka ba zan ce ba shi da amfani a gare ka ba. Amfaninsa na gaske ga mai giyar hannu yana layin tashi: motar ta tsaya a wuri ɗaya ba ta gangara ba, ƙafar hagu tana kan kuloci, ta dama tana kan totur, yatsa yana riƙe da birki. A filin da ke da fitilun tashi, motar da ta ɗan mirgina gaba kafin lokaci ta faɗi tun ba a fara ba. Birkin hannu na 190, wanda ke tsakanin kujeru, yana iya yin wannan aikin, amma yana ɗauke maka hannu ɗaya kuma sakinsa ba ya kai sakin maɓalli sauri.

Ka buɗe bonet kafin ka aika kuɗi

Abu na farko da za ka bincika shi ne yadda aka raba birkin motar. Tun ƙarshen shekarun 1960 motoci suke zuwa da masta mai ɗaki biyu, domin in ɓangare ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota. Rabon iri biyu ne. Akwai mai raba gaba daban, baya daban, wanda aka fi samu a motocin da ke tafiya da tayoyin baya. Akwai kuma mai gicciye, inda ɗaki ɗaya ke ba tayar gaba ta hagu da ta baya ta dama, ɗayan ya ba sauran biyun, kuma wannan shi ne ya yi yawa a motocin da ke ja da tayoyin gaba. Bawul ɗaya yana aiki ne a tsari na farko kawai. In aka saka shi a mai gicciye, taya ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya zai kulle. Masu haɗe bututun gaba biyu na mai gicciye wuri ɗaya domin bawul ɗaya ya ishe su, sun rushe kariyar da aka yi rabon dominta, ko'ina ya yi yoyo duk birkin ya tafi.

Wannan ka faɗa wa abokanka masu Corolla da Carina: motarsu da gaba take ja, tayoyin da za su juya su ne na gaba, waɗanda za a riƙe su ne na baya, kuma birkin hannu mai kyau ya riga ya yi musu wannan aikin. Ba su da bukatar yanka bututu ko ɗaya.

Motarka kuwa da tayoyin baya take tafiya, kuma Mercedes na wancan zamani gaba daban, baya daban suke raba birki. Amma 190 an ƙera ta daga 1982 zuwa 1993, wasu da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, wasu babu, kuma motar da ta yi shekara 30 tana yawo tsakanin hannuwa ba a rantsuwa a kan abin da ke jikinta. Ka bi kowane bututu da yatsa daga masta har inda ya ƙare. In babu ABS, ka ƙirga bututun da suka fito daga masta. A motocin Turai da yawa na lokacin uku ne: ɗaya na baya, biyu na gaba, kowace taya da nata. In haka ka samu, sai a toshe rami ɗaya na gaba a jikin masta da matoshin ƙarfe da aka yi don haka, a ja bututu ɗaya zuwa bawul, daga bawul a raba biyu zuwa hagu da dama. Wasu bawul ɗin suna zuwa da ramukan fita fiye da ɗaya saboda wannan, wasu kuma sai an ƙara mahaɗi mai baki uku.

In kuwa ka ga akwatin ƙarfe da bututu da yawa suka shiga suka fita, da wayoyi a kansa, motarka tana da ABS, aikin kuma ya ƙara nauyi. Ko dai a saka bawul ɗaya tsakanin masta da akwatin, ko a saka biyu bayan akwatin, ɗaya ga kowace taya, kuma wanda ya dace ya danganta da irin akwatin. Takardun masu ƙera lain-lok na gama-gari sukan yi gargaɗi a kan ABS da kuma birki mai gicciye. Ni dai ba na taɓa irin wannan sai da zanen birkin motar a gabana, kuma haka nake so makanikinka ya yi.

Wanda za ka saya

Abin da za ka nema a bawul ɗin kansa abu ne kaɗan, amma babu wanda za a yi wa rangwame. Dole ya zama an yi shi ne musamman domin man birki. Birkin da aka taka da ƙarfi yana kai matsi na 70 zuwa 100 a ma'aunin matsi da ake kira bar, a firgice ma ya wuce haka, saboda haka ka nemi wanda takardarsa ta nuna yana jure bar 200 ko kusa da haka. A kasuwa za ka ga bawul masu lantarki na iska, na ruwa, na gas, masu kama da shi a ido kuma masu araha, amma yawancinsu bar 10 ne iyakarsu. Ko da ƙarfensu ya jure, robar cikinsu ba za ta jure ba, domin man birki yana kumbura robar da aka yi don fetur da man inji, shi kuwa irin robar da ake kira EPDM yake so. Bawul ɗin da robarsa ta kumbura yana iya maƙalewa a rufe kana tsakiyar tafiya.

Dole kuma ya zama mai komawa a buɗe da kansa da zarar an saki maɓalli ko wuta ta yanke. Wannan ƙa'ida ce a dokokin NHRA, kuma dalilinta a fili yake. Akwai masu saka famfon hannu mai mariƙi a bututun birki, a murɗa ya rufe, a murɗa ya buɗe. Ranar da direba ya manta ko gwiwarsa ta ture mariƙin, ba shi da birkin gaba. Haka maɓallin ma, ya zama irin wanda sai an danne yake aiki, ba mai kunnawa ya zauna ba.

Sai maganar haƙoran noti, kuma a nan ne aka fi samun ɓarna a garejinmu. Kayan Amurka da ma'aunin inci suke zuwa. Ramukan jikin bawul galibi 1/8 NPT ne, masu tsukewa a hankali, notin bututun da ke cikin kwalin kuma 3/8-24 ne. Motarka kuwa da ma'aunin milimita aka yi ta, notinta M10x1 ne. Kaurin bututun kusan ɗaya ne, milimita 4.75, wannan ba matsala. Matsalar ita ce notin 3/8-24 kaurinsa milimita 9.5 ne, haƙoransa kuma sun yi kusa da na M10x1 ƙwarai, har yakan shiga ramin Mercedes ya yi ta juyawa kamar nasa ne. Ka kama shi da yatsa biyu kafin ya ƙarasa shiga, za ka ji yana ɗan girgiza a cikin ramin. Zai ɗauru, zai riƙe mai a gareji, amma bakin haƙora kawai ya kama, kuma ranar da aka taka birki da dukkan ƙarfi yana iya fizgewa.

Bakin bututun ma iri biyu ne. Motocin Amurka da na Japan suna amfani da baki mai ninki biyu wanda aka buɗa ciki, na Turai kuma baki mai kumburi. Kowanne da irin mazaunin da yake zama a kai, ba a musanya su. Saboda haka abin da za ka ce wa ɗan'uwanka shi ne, bayan bawul, ya haɗo da mahaɗai daga 1/8 NPT zuwa M10x1 masu mazaunin baki mai kumburi, gwargwadon yawan ramukan da za a yi amfani da su, da matosai na ramukan da za su rage, da sabon bututun birki na ƙarfe ko na gaurayen tagulla da nikel. Waɗannan ƙananan kaya su ne ke wahalar samu a Garwa ko Maruwa, kuma rashinsu ne ke sa makaniki ya fara dabara.

Ɗaurawa

Makanikin unguwarku zai iya, in yana da na'urar buɗa bakin bututu mai yin baki mai kumburi kuma hannunsa ya saba da ita. Ka ba shi guntun bututu ka ce ya yi maka baki ɗaya ka gani. Ka duba shi a hasken rana: ya zama zagayayye, ba ya karkace gefe ɗaya ba, babu tsagewa ko da siririya ce a gefensa. In ya ce zai yi walda, ko zai haɗa da notin matsewa irin na masu aikin famfo, ko zai kawo bututun jan ƙarfe na masu gyaran firiji, ka yi masa godiya ka nemi wani. An taɓa kawo mini wata mota daga wajen Kusiri da aka yi mata aiki da bututun firiji. A daidai inda bututun ya shiga noti, girgizar hanya ta sa jan ƙarfen ya taurare ya tsage, man yana tsattsafowa kaɗan-kaɗan har ya ɗaye fentin da ke ƙasansa ya bar ƙarfe tsirara, mai motar kuma abin da ya lura da shi kawai shi ne fedar tana ƙara nutsewa in ya daɗe a tsaye.

A ɗaure bawul a jikin mota da kusoshi, kada a bar shi yana reto a kan bututu, kuma a nisanta shi da bututun hayaƙin inji. A duba alamar shiga da fita da ke jikinsa, domin in aka juya shi ba zai riƙe yadda ya kamata ba. Ramukan NPT su kaɗai ake saka wa farin tef ko man toshe haƙora, a bar haƙora biyu na farko babu komai, kada guntun tef ya shiga cikin mai ya toshe bawul. Notin da ke matse bakin bututu ba a saka masa tef sam, bakin ne ke toshewa ba haƙoran ba.

Wajen wuta, a ɗauko ta daga inda ba ta zuwa sai an murɗa makullin mota, a saka fis mai girman da takardar ta faɗa. Daga nan ta bi ta maɓallai biyu a jere: na farko mai murfi a dashbod, wanda ke kashe tsarin gaba ɗaya, na biyu shi ne na dannawa a kan sandar giya ko sitiyari. A ƙara ƙaramar fitila ja a gaban direba wadda ke kamawa duk lokacin da bawul yake rufe. Maɓallin farko ba ƙawa ba ne. In hannunka ya taɓa na biyu kana taka birki a kwana, tayoyin gaba za su ci gaba da kamawa bayan ka ɗaga ƙafa.

Tunda an buɗe bututu, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a saka sabon man birki mai lamba DOT 4 daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Man birki yana shan damshin iska: sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa zuwa 155, kuma damina ɗaya da murfi a sake tana yin wannan ɓarnar. Kada a kusanto da DOT 5 ko koren man nan na tsofaffin Citroën. A cire iska daga taya mafi nisa da masta zuwa mafi kusa, a riƙa ɗan buga jikin bawul da ƙotar sukudireba domin kumfar da ta laɓe a ciki ta fito.

Gwaji na farko a gareji ake yin sa, motar tana ɗage a kan jak masu ƙafa, tayoyi huɗu a sama. Ka taka birki, ka danna, ka ɗaga ƙafa: yaro ya gwada juya tayoyin gaba da hannu, kada su motsa, na baya kuma su juya. Ka saki maɓalli, na gaba su saku nan take, duka biyun tare. Sannan ka taka feda da dukkan ƙarfinka na rabin minti, wani yana bin kowane mahaɗi da farar takarda yana dubawa. Ɗigo ɗaya ya isa a kwance a sake.

Ranar tsere

Ka tsayar da mota sitiyari a miƙe, birkin hannu a sauke. Ka taka birki sau biyu ko uku, a na ƙarshe ka danne sosai, ka danna maɓalli, ka ɗaga ƙafa. Ga inji irin naka giya ta 1 ce za ta iya juya taya, masu manyan injuna ne ke amfani da ta 2. Ka ɗaga inji zuwa wajen juyi 3,500 a minti, ka saki kuloci da sauri ba tare da jan rabi ba, domin riƙe shi a rabi kuloci ne zai ƙone ba taya ba. Da tayoyin sun fara juyawa ka tsayar da totur a wuri ɗaya, bayan daƙiƙa biyu ko uku ka saki maɓalli motar ta mirgina gaba, ka sassauta totur ka taka kuloci kafin tayar ta cafke ƙasa da ƙarfi. In ka ji bayan motar yana tsalle yana bubbugawa, ka ɗaga ƙafa nan take. Wannan tsallen shi ke karya sandunan aksil, kuma a 190 akwai faifan roba a kowane ƙarshen furofela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksil ɗin baya, waɗanda in sun tsufa ba sa jure irin wannan fizga.

A layin tashi ba a bukatar matsi mai yawa, ɗan abin da zai hana mota gangarawa ya isa, sai yatsa da ƙafar kuloci su saki tare. Kada ka riƙe maɓallin ya wuce minti ɗaya, domin naɗin wayar da ke cikin bawul yana zafi kuma ba a yi shi don dogon aiki ba. Ba birkin ajiye mota ba ne, matsin yana raguwa a hankali kuma da wuta ta yanke ya saki. Ka sani kuma, lokacin da bawul ke riƙe da mota ƙafarka ba ta kan feda, fitilun birki na baya a kashe suke, wanda ke bayanka bai san kana tsaye da birki ba.

Ka duba shekarun tayoyinka. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Yawancin tayoyin okaziyo da ke shigo mana sun tsufa tun kafin su iso, kuma tsohuwar taya mai tsattsagewa a gefe tana iya fashewa in aka gasa ta. Kada kowa ya tsaya a gaban mota ko a bayanta, tsakuwar da taya ke watsawa tana fasa ido, kuma in birkin gaba ya kuɓuce gaba motar za ta yi. Hular kwano, bel, da tukunyar kashe gobara a kusa. Na ji daɗi da ka ce filin rufaffe ne da izini, ka tsaya a kan hakan, kuma ku auna tazarar tsayawa bayan layin ƙarshe ta kai aƙalla tsawon tazarar tseren. Hanyar Garwa zuwa Maruwa, komai miƙewarta da sassafe, hanya ce ta masu babur da shanu da manyan motocin auduga.

Abin da ba zan iya yanke maka daga nesa ba shi ne halin da birkin motarka yake ciki yanzu. Masta mai yoyo a ciki, ko tiyon roba na taya da ya bushe, ko kalifa, wato abin da ke matse takalmin birki a jikin faifai, da ke maƙalewa, duk sai an gyara su kafin a ƙara wani abu a kai, kuma wannan sai wanda ya sa hannu a motar. Haka kuma sauya tsarin birki abu ne da ya shafi masu duba lafiyar mota da kamfanin inshorarka, ka tambaye su tun kafin a yanka bututu. Bayan kowace ranar tsere, ka sake bin mahaɗan da farar takarda, ka leƙa ƙarƙashi ka duba faifan robar furofela, ka duba yawan mai a kofin masta, sannan ka cire fis ɗin lain-lok ka ajiye a aljihun mota kafin ka hau titi zuwa gida.